Wa Zai Faɗa wa Kurma?

Akwai wata unguwa a kudancin birnin Hartum na ƙasar Sudan, a bakin kogin Farin Nilu, ana ce da ita Alshajara, watau "itace" da Larabci. Yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba sai da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. A unguwar nan ne babban barikin tankokin yaƙi yake, saboda haka wuta ta yi ta zuba a kanta wata da watanni. A nan ne kuma wani gidan mishan na Katolika yake, mai suna Dar Mariam, inda sistoci da wani fada suka tattara mata da yara waɗanda ba su sami hanyar gudu ba. A watan Nuwamba 2023 bam ya faɗa a kan gidan. Ran 10 ga Disamba na shekarar, aka buɗe wa motocin ƙungiyar Red Cross wuta sa'ad da suka zo kwashe mutane daga unguwar, mutum 2 suka mutu, 7 suka ji rauni. Sai a watan Maris 2025 sojojin gwamnati suka sake kama birnin.

Ni a rediyo na riƙa jin waɗannan labarai, kamar yadda ku ma kuka ji. Amma ina so mai karatu ya tsaya ya yi tunani a kan abu guda. Da me mutum yake tsira a wuri irin wannan? Da kunne. Kunne ne yake gaya maka harbi ya matso ko ya yi nisa. Kunne ne yake jin kukan jirgi tun ido bai gan shi ba. Da kunne kake jin maƙwabci yana ƙwala kira cewa a fito, da kunne kake jin mai bindiga a shingen hanya yana cewa ka tsaya. To, ɗauki kurma ka ajiye shi a unguwar nan cikin tunaninka. An ce ya tsaya daga bayansa, bai tsaya ba. Me kake tsammani mai bindiga zai yi?

Kafin yaƙin, kurame na Hartum da Umdurman suna da ƙungiyoyinsu, suna da makarantar Al-Amal wadda aka kafa tun farkon shekarun 1970. Yaƙi ya rufe makarantun birnin, ya watsa miliyoyin mutane. Mai ji, duk garin da ya gudu zai tarar da masu jin Larabci. Kurma kuwa, mutanen da suke gane hannunsa sosai watakila ba su wuce ashirin ba, ga shi kowa ya kama gabansa. Gudun hijirarsa biyu ne, ya rasa gida, ya kuma rasa abokin magana.

Wani zai ce, ina ruwanmu da Sudan? Da ruwanmu, gama Hausawa da yawa suna zaune a ƙasar nan tun zamanin da kakanninsu suka bi hanyar gabas a ƙafa. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Namu gemun ya riga ya soma ƙauri.

Daren da muka manta da ƙanwata

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta ratsa arewacin Nijeriya, ta kashe fiye da mutum 11,000. Ina saurayi a lokacin. Ƙanwata tana da shekara shida, yarinya mai surutu, mai son waƙa a makarantar Lahadi. Ta kwanta kwana tara, wuyanta ya sandare, muka fid da rai. Allah ya tashe ta, amma ta tashi ba ta ji. Kaɗan da kaɗan maganar da ta iya ta riƙa zubewa, har ta koma sai nuni da 'yan kalmomi da mu na gida kaɗai muke ganewa.

Shekaru kaɗan da suka wuce, wani dare 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyen da yake maƙwabtaka da mu. Muka ji harbi, aka buga ƙararrawar majami'a, kowa ya kwashi 'ya'yansa ya yi daji. Sai da muka taru a bakin rafi, muna ƙirga kawuna cikin duhu, uwarmu ta tambaya ina ƙanwata. Ba wanda ya tashe ta. Mijinta yana ci-rani. Mu kuwa, masu kunnuwa, kowa ya ɗauka ƙararrawa ta isa. Ɗanta mai shekara biyar ne ya ji harbin, ya yi ta jan zanenta har ta farka, ya ja ta da hannu zuwa cikin dawa. Yaro ɗan shekara biyar ya yi abin da ikkilisiya mai dattawa da zumuntar mata da ƙungiyar matasa ba ta yi tunaninsa ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Saboda haka bari in soma da nawa. Ni katikis ne. Shekara da shekaru ina koyar da ajin baftisma da na tabbatarwa. Yara sun wuce ta hannuna ɗari bisa ɗari. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, ban taɓa zama na koya mata ko da Addu'ar Ubangiji ba. Kowace Lahadi tana zuwa sujada, ta zauna a layin mata, ta tashi in an tashi, ta durƙusa in an durƙusa, ta sa baikonta, ta koma gida. Na ɗauka wannan ya isa. Daren nan a bakin rafi ne na gane cewa ba ranar kaɗai muka bar ta a baya ba. Mun bar ta tun 1996.

Taimako uku da ba taimako ba ne

In ka tambayi ikkilisiyoyinmu abin da suke yi wa kurame da bebaye, ba za su ce ba su yin kome ba. Abu uku muke yi, kuma dukansu ukun ina da magana a kansu.

Na fari, sadaka. Lokacin Kirsimeti a auna musu mudun shinkafa, a ba su tsohuwar riga, a kira su gaba a ɗauki hoto. Ban raina kyauta ba. Amma kurma ba gurgu ba ne, ba kuwa majinyaci ba. Ƙanwata tana noma fiye da ni, tana saƙa, tana kiwon awaki. A garuruwanmu akwai kurame teloli, da kafintoci, da masu gyaran babur, da magina. Abin da ya rasa ba shinkafa ba ne. Ya rasa wanda zai tsaya masa a asibiti ya gaya wa likita inda yake masa ciwo. Ya rasa wanda zai bayyana masa abin da aka rubuta a takardar gona kafin ya dangwala yatsa. Sadakar da muke bayarwa mu take yi wa amfani, gama tana kwantar mana da lamiri da araha.

Na biyu, jan su zuwa taron warkarwa. Duk sa'ad da baƙon mai wa'azi ya zo da manyan lasifikoki, sai a shiga gida gida ana neman bebaye. A hau da yaro kan dakali, a danna masa yatsu cikin kunne, a yi ta tsawa a kansa ana korar aljani, shi kuwa yana raba ido, bai san laifin da ya yi ba. Sa'an nan a ce ya maimaita "Yesu". In ya yi wani sauti, taro ya ɓarke da tafi. Kashegari mai wa'azi ya naɗe tabarmarsa, yaro yana nan yadda yake, sai dai yanzu an ƙara wa uwarsa kaya, ana cewa rashin bangaskiyarta ne, ko kuwa akwai wani zunubi a gidan. Sau uku aka hau da ƙanwata kan irin wannan dakali. A na ukun ta ciji hannun wanda ya riƙe ta, ta gudu. A lokacin na ji kunya. Yau na san ita ce mai gaskiya.

Kada wani ya ce katikis ya musanci ikon Allah. Na gaskata Allah yana warkarwa. Amma ku buɗe Markus sura 7 ku duba yadda Ubangijinmu ya yi da kurman da aka kawo masa. Ya janye shi daga taro zuwa waje ɗaya, domin kada ya zama abin kallo. Ya taɓa kunnuwansa, ya taɓa harshensa, ya ɗaga ido sama. Duk wanda ya zauna da kurma ya san abin da wannan yake nufi: ya yi masa magana ta hanyar da zai gane, ya nuna masa abin da zai yi da inda taimako zai fito. Mu mun ɗauki yatsu cikin kunne, mun yar da ladabin da ƙaunar. In muna son mu bi sawunsa, sai mu soma daga inda ya soma.

Na uku, kujerar gaba. Waɗansu ikkilisiyoyi sun ci gaba har sun keɓe wa kurame benci kusa da bagadi. Madalla. Amma sa'a uku mutum yana kallon leɓunan mai wa'azi suna motsi, wannan sujada ce ko horo? Ku gwada, ku toshe kunnuwanku da auduga Lahadi ɗaya tak, ku zauna daga farkon sujada zuwa albarka. Wanda ya jure ya zo ya gaya mini ko zai dawo mako mai zuwa. Su kuwa suna dawowa shekara ashirin. Wa ya fi wani bangaskiya?

Maganar hannu harshe ce

Tushen kuskurenmu shi ne muna tsammani kurma ba shi da harshe. Mukan ce maganar bebe sai uwarsa, kamar dai abin da yake yi da hannu kame-kame ne. Wannan rashin sani ne, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

A ƙasar Hausa kurame suna da harshensu tun kaka da kakanni, ana ce da shi maganar hannu ko maganar bebaye. Ba Bature ne ya kawo shi ba. A birnin Kano har sarautar Sarkin Bebaye akwai, kurame suna da wuraren da suke taruwa suna hira, suna gardama, suna ba'a, suna sasanta rigima. Wata masaniyar harsuna Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da su a Kano, ta yi nazarin harshen, ta buga littafi a kansa a shekarar 2000, ta nuna cewa yana da ƙa'idodinsa kamar kowane harshe. Baƙuwa ta taso daga Jamus ta koya. Mu da muke cin tuwo a akushi ɗaya da su mun ce ya yi mana wuya.

Sai mu lura kuma, maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya. Wadda ake koyarwa a makarantun kurame na Nijeriya, kamar ta Tudun Maliki a Kano da aka buɗe a 1977, ta samo asali ne daga ta Amurka, ta kuma bambanta da ta gargajiya wadda kurman kasuwa yake yi. A Sudan ma kowane yanki yana da tasa, har ƙungiyar kurame ta ƙasar ta yi aikin haɗa guda wadda kowa zai gane. Saboda haka kada mu ɗauko littafin alamu daga birni mu ce mun gama. Sai mu tambayi kurman da yake cikinmu, da wace yake magana.

Ya 'yan'uwa, mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Da wane harshe bishara ta iske kakanninmu? Da a ce Dokta Walter Miller da abokan aikinsa sun tsaya a Zariya suna wa'azi da Turanci, suna cewa wanda yake son ceto ya koyi harshensu, da ina muke yau? Amma suka zauna a ƙasa, suka koyi Hausa a bakin mutane, suka yi ta fama har Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Muna fahariya da wannan tarihi a kowane bikin cika shekara. To, ga wata kabila a cikin gidajenmu, 'ya'yan cikinmu, ba teku tsakaninmu da su, ba hamada. Abin da aka yi mana mun ƙi yi musu.

Duniya ma ta taɓa yin irin kuskurenmu. A 1880 malaman kurame suka taru a birnin Milan na ƙasar Italiya, kusan dukansu masu ji, suka yanke cewa a bar maganar hannu a makarantu, a tilasta wa yara magana da baki. Aka yi shekaru ana hana yara harshensu. Sai a 2010, a birnin Bankuba na Kanada, irin wannan taro ya fito fili ya janye hukuncin, ya nuna nadama. Shekara 130 kafin a ce an yi kuskure. Mu shekara nawa muke jira?

Kurman da ya kunyata mu

Akwai sunan da ya kamata kowane ɗan makarantar Lahadi ya sani, amma ban taɓa jin an ambace shi a bagadinmu ba: Andrew Foster. Baƙar fata ne, an haife shi a jihar Alabama ta Amurka a 1925. Yana da shekara 11 sanƙarau ya kama shi, cutar nan da ta kama ƙanwata, ya tashi kurma. Bai zauna yana jiran sadaka ba. Ya yi karatu har ya zama baƙar fata na farko da ya sami digiri a kwalejin kurame ta Gallaudet a 1954. Ya so ya zo Afirka aikin bishara, ƙungiyoyin mishan ba su karɓe shi ba, sai ya kafa tasa a 1956. A 1957 ya buɗe makarantar kurame a Akara ta ƙasar Gana, a 1960 ya buɗe ta Ibadan, daga baya Kaduna da Inugu. Kafin ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a Ruwanda a watan Disamba 1987, ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13.

Mutum ɗaya ke nan, kurma. Da a ƙauyenmu aka haife shi, da mun ba shi mudun shinkafa da benci a gaba, mun hau da shi kan dakali sau uku. Foster nawa ne suke zaune a majami'unmu yau suna kallon leɓunanmu?

Hujjojin da nake ji

Na kai wannan magana gaban dattawa ba sau ɗaya ba, na kuma san amsoshin da ake bayarwa.

Ana cewa ba kuɗi. Ikkilisiyar da ta sayi janareta, da ganguna na zamani, da lasifikoki huɗu, da yadin anko na zumuntar mata kowace shekara, ita ce ba ta da kuɗin motar da za ta aika da matasa biyu su koyi maganar hannu? Ba kuɗi ne babu ba. Abin da muke ƙauna shi muke kashe wa kuɗi.

Ana cewa ai su kaɗan ne. Kun ƙirga? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 430 ne a duniya suke da rashin ji mai bukatar taimako, miliyan 34 daga cikinsu yara ne. Mu kuwa muna zaune a tsakiyar yankin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha, ya haɗa da Nijar da arewacin Nijeriya da Sudan, kuma cikin mutum biyar da suka tashi daga cutar, wajen ɗaya yakan tashi da wata naƙasa, sau da yawa ta kunne. Ba kaɗan ba ne, ɓoye suke. Da na bi gida gida a ƙauyuka huɗu da nake kula da su, na sami kurame goma sha ɗaya, uku kaɗai na sani a dā. Ko da ma ɗaya ne, mu ne muke koya wa yara misalin makiyayin da ya bar garke ya tafi neman tunkiya guda.

Ana cewa aikin gwamnati ne. Gaskiya gwamnati tana da nata. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a kan haƙƙin naƙasassu a 2006, Nijar ta amince da ita a 2008, Sudan a 2009, Nijeriya a 2010. A watan Janairu 2019 aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya. Sai mu riƙa tuna wa hukuma da alkawarinta, ba tsoro. Amma doka tana Abuja, ƙanwata tana ƙauye. Takarda ba ta tashin mai barci. Kuma yaushe muka taɓa jiran gwamnati kafin mu gina makaranta ko ɗakin magani? Ni kaina a makarantar mishan na koyi karatu.

Akwai kuma masu fakewa da Romawa sura 10, inda aka haɗa bangaskiya da ji, suna cewa to, wanda ba ya ji sai a bar shi ga jinƙan Allah. Wannan karatun malalaci ne. A Hausa ma in na ce "na ji", ai "na gane" nake nufi. Surar nan ba ta sallame mu ba, ɗaure mu ta yi, gama nauyin da ta ɗora a kan wanda aka aika ne. In saƙo bai isa ba, ɗan aike za a tambaya.

Abin da za mu iya somawa a wannan wata

Ban rubuta domin in yi faɗa kawai ba. Ga abin da na ga yana yiwuwa ko a ikkilisiyar da rufinta na ciyawa ne.

Mu ƙirga su, mu san sunayensu da ɗakunan da suke kwana. Kowane kurma a ba shi maƙwabta biyu waɗanda aikinsu ne su tashe shi in an buga ƙararrawa, ko ta wuta, ko ta ambaliya, ko ta 'yan bindiga. A yi shawara da shi a kan alamar da za a yi, ko hasken tocila ta taga, ko igiya. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Mu zaɓi matasa biyu ko uku su koyi maganar hannu, malamansu kuwa su zama kuramen da kansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A sa kuɗin wannan cikin kasafin ikkilisiya, a rubuce, kamar yadda ake sa na man janareta. Makarantun Littafi Mai Tsarki da na horar da katikis su sa shi cikin darussa.

Aikin mai fassara kada ya tsaya a bagadi. Ya bi su asibiti, da ofishin 'yan sanda, da gaban alƙali, da wurin rabon gado, da wurin neman aure. A nan ne ake cutarsu. Zumuntar mata kuwa ta sa ido a kan 'yan mata kurame. Mugu ya san yarinyar da ba ta iya faɗar sunansa ba, ita yake nema. Mun sha rufe irin wannan magana da cewa ba a gane abin da take nufi ba. Ba a so a gane ba ne.

Mu kai yara makaranta da wuri. Yaron da ya kai shekara goma ba shi da kowane harshe, na baki ko na hannu, an yi masa asarar da take da wuyar mayarwa. Uwa, in kika ga jaririnki ba ya firgita in an buga ƙofa, ko ya kai shekara biyu ba ya kiran kowa, kada ki ce nauyin baki ne irin na gidansu. Ki kai shi a duba kunnensa.

Mu tuna rigakafi ya fi magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara ana iya hana shi. Allurar rigakafin sanƙarau ta MenAfriVac ta soma a Nijar a 2010, ta iso Nijeriya a 2011, a 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta soma amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga iri biyar na cutar. Akwai ta ƙyanda ma. A yi sanarwarsu daga bagadi. Kunnen yaro in yana zubar da ruwa, a kai shi asibiti, a bar ɗiga masa manja da ruwan ganye. Mu kuma rage ƙarar lasifikokinmu. Muna ajiye jarirai a gindin akwatin da yake girgiza bango, muna ƙera kuramen gobe da hannunmu, muna ce da shi yabo.

Kada mu manta da tsofaffinmu masu nauyin kunne. Baba ya bar zuwa taron dattawa, mun ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne, ya gaji da yin murmushi a kan maganar da bai ji ba. Ka fuskance shi, ka tsaya inda haske yake bisa fuskarka, ka yi magana a hankali ba da tsawa ba. In 'ya'yansa suna da hali, su kai shi a gwada shi a sa masa na'urar ƙara ji.

A ƙarshe, mu ba su aiki. Kurma ya karɓi baiko, ya riƙe ma'aji, ya zauna cikin kwamiti, ya koyar da 'yan'uwansa. Wanda kullum ake yi wa, ba a barinsa ya yi, baƙo ne, ba ɗan gida ba.

Ni na soma a makare. Ina da shekara arba'in da 'yan kai na zauna gaban ƙanwata kamar ɗan aji ɗaya, tana gyara mini yatsu, tana dariyar wautata. Bara aka tabbatar da ita. Da muka gama darasi na ƙarshe, ta yi mini wata tambaya da hannu wadda har yau ban amsa ba. Ta nuna majami'a, ta nuna ni, ta nuna shekarun da suka wuce a bayan kafaɗarta, sa'an nan ta buɗe tafin hannunta: duk wannan lokaci kun san waɗannan abubuwa, me ya hana ku gaya mini?

Na miƙa muku tambayar, ya dattawa, da limamai, da 'yan'uwana katikis, da iyayenmu mata na zumunta. Mu yi addu'a domin mutanen Alshajara da dukan Sudan, masu ji da kurame, Allah ya ba su salama. In mun tashi daga addu'ar kuwa, mu je mu buga ƙofar kurman da yake bayan gidanmu. Ba zai ji bugun ba. Sai mu shiga, mu tsaya inda zai gan mu.

Ubangiji ya buɗe namu kunnuwan. Amin.